Ƴan cin rani masu fiffike

A cikin shekaru kusan ashirin da na yi ina riƙe da alli, aikin da na fi yawan ba ɗalibaina labarinsa ba a aji na yi shi ba. Aiki ne na kwana tara, ba albashi ba takardar shaida, a bakin wani tabki da ake kira Trunvel, can ƙuryar yammacin Faransa, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba na 2016. Horon malaman Faransanci ne ya kai ni birnin Nant. Da aka ƙare, ranar jirgina da sauran mako biyu, sai maigidan da na sauka wurinsa, wani dattijo da ya ajiye aikin koyarwa, ya ce in raka shi inda yake zuwa kowace shekara don sa wa tsuntsaye zobe. Na ɗauka Faransancina ne ya gaza, na ce ya maimaita. Ya maimaita. A inda na tashi, zobe sai yatsa. Tsuntsu kuwa in ya shiga hannu, wuƙa ce ke biye da shi.

Yankin sunansa Biretanyi, kada mai karatu ya rikita shi da Birtaniya ta Ingilishi, ko da yake tushen sunan ɗaya ne. Wurin ba shi da wani kwarjini. Tabki ne kewaye da dogayen karan ruwa irin su kacala, waɗanda suka fi mutum tsawo, kuma tudun yashi da tsakuwa ne kawai ya raba shi da tekun Atlantika, wadda ake jin rurinta dare da rana. Ƙungiyar kare halittu ta yankin, Bretagne Vivante, ita ke riƙe da tashar tun ƙarshen shekarun 1980. Ga kalandar Turawa, kaka ba ta shiga sai bayan 20 ga Satumba. Ga ƙananan tsuntsaye masu kukan daɗi kuwa, ta shiga tun ranar da ƴaƴansu suka iya tashi. Tun cikin Agusta sun kama hanyar kudu, kuma wannan kara zango ne a gare su, inda suke sauka su ci su huta.

Ina idar da sallar asuba muke fita, da sauran duhu, sanye da takalman roba masu kaiwa cinya, mu bi ƴan hanyoyin da aka sare cikin kara mu buɗe raga. Ragar baƙa ce, zarenta siriri kamar gashin kai, tsawonta mita 12, a ɗaure tsakanin sanduna biyu. Tana da aljihuna a kwance, ta yadda tsuntsun da ya buge ta zai faɗa ciki ya kwanta ba tare da ya ji ciwo ba. Kowane rabin awa sai a zagaya, a fitar da abin da ya shiga, a sa kowane ɗaya cikin ƴar jakar ƙyalle, a rataye. Fitarwar nan ba aikin baƙo ba ce. Sai an gane ta wane gefe tsuntsun ya shigo, a fara da ƙafa, sannan fiffike, sannan kai. Wanda ya yi gaggawa zai karya abin da ba ya ɗoruwa. A Faransa ba mai sa zobe sai wanda ya daɗe yana koyo, ya ci jarrabawa, ya karɓi izini daga cibiyar da ke kula da wannan aiki a Gidan Tarihin Halittu na Paris. Shi ya sa sunan wannan gida ne ke rubuce jikin kowane zobe, tare da lambar da ba ta da ta biyu.

Cikin masu izinin akwai wata mata mai furfura, wadda zan kira Madam kawai. Da ta ji sana'ata sai ta miƙo mini bik da babban kaye, ta ce ga magatakarda ya samu. Haka na zauna gefenta kwana tara. Takan zura hannu a jaka ta fito da tsuntsu, wuyansa tsakanin yatsu biyu, jikinsa cikin tafin hannu. Ta faɗi irinsa. Ta faɗi lambar zobe, ta matse shi a ƙafa da ɗan awartaki, sannan ta juya shi ta tabbata yana yawo, bai kama fata ba. Ta auna tsawon fiffike. Ta dubi gashi ta ce na bana ne ko babba ne. Ta hura iska a ƙirjinsa. Ta zura shi, kai ƙasa, cikin ɗan bututu a kan sikeli. Ta buɗe hannu, ya tafi. Duka bai fi minti ɗaya ba. Ni da na saba yi wa yara shifta ina zagaya aji da jan bik, ga ni ana yi mini. A rana ta biyu na tsallake layi ɗaya ban sani ba, nauyin tsuntsu goma sha huɗu ya sauka gaban lambar da ba tasa ba. Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Mushe, zoben da ba a rubuta shi daidai ba, wahala ce kawai muka ɗora wa tsuntsun." Da yamma muka zauna muka warware shi layi layi. Tun daga ranar na rage faɗa a kan ɗalibin da ya yi kuskuren kwafi.

Hura iskar nan ita ta fi ɗaukar hankalina. In gashin ƙirji ya buɗe, fatar siririya ce, ana hango abin da ke ƙarƙashinta. Wani ka ga jan nama kawai. Wani ka ga kitse rawaya ya cika ramin wuya ya gangaro har ciki. Tsuntsun da muka fi kamawa shi ne wanda Faransawa ke kira phragmite des joncs, ɗan mitsitsi mai farar gira, mazaunin kara. Nauyinsa na yau da kullum wajen giram 11 ne, wato ƙwayar sukari biyu irin wadda muke jefawa a shayi. Amma in ya sami ƙananan ƙwari irin darɓa da ke manne wa ganyen kara, cikin mako biyu zuwa uku yana iya kusan ninka nauyinsa. Kitsen nan shi ne guzurinsa. Da shi zai ratsa Sifaniya, ya ƙetare teku, ya shiga Sahara, tafiyar kusan kilomita 4000. Masana ƴan ƙasar Suwis da suka kafa na'urar rada cikin hamadar Muritaniya a 2003 da 2004 sun nuna cewa yawancin irin waɗannan tsuntsaye da dare suke tafiya. In rana ta ɗaga su sauka su fake a inuwar dutse ko ta ɗan kurmi, ba ci ba sha, har magariba. Manyan kan riga tashi. Na bana, ɗan wata biyu, wanda bai taɓa ganin rairayin hamada ba, shi kaɗai yake biyo baya, ba uwa ba jagora. A littafinsa da aka buga a 1972, Baturen Ingila Reginald Moreau ya ƙiyasta tsuntsayen da ke shigowa Afirka kudu da Sahara kowace kaka sun kai miliyan 5000. Wani ƙiyasi na 2009, wanda ya tsaya ga ƙananan da ke tasowa daga Turai, ya ba da miliyan 2100. Ko wanne aka ɗauka, ayari ne da ke wucewa bisa kanmu muna barci.

Yadda ake rarrabe babba da na bana ma akwai abin lura. Na bana gashinsa sabo ne ful. Babban kuwa gashinsa ya koɗe, bakinsa ya cinye, domin wannan iri ba ya sake gashi a Turai, sai ya iso Afirka. Wato rigar da ke jikinsa a can, ƙwarin fadamun Sahel ne suka saƙa ta.

Wata safiya aka fito da ɗaya da zobe riga a ƙafarsa, an rubuta London. Tebur ya ɗauki murna kamar an yi haihuwa. Na tambayi dalili, aka ce cikin ƙananan tsuntsaye ɗari da aka sa wa zobe, da wuya a sake jin labarin ɗaya daga wani wuri mai nisa. Daga kudancin Sahara kuwa, sai a yi dubbai ba a ji ko ɗaya ba. Madam ta ƙara da cewa kada in yi saurin cewa waɗannan namu ne: masu bi ta wannan gaɓa yawancinsu kogin Senegal da fadamun Mali suka nufa, masu sauka ƙasar Hausa da tabkin Cadi daga gabas da nan suke tasowa. Na ce mata dangi ɗaya ne dai, hanya ce ta raba.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba. Aristotal ya rubuta cewa tsattsewa ɓuya take a rami ta yi barci, kuma har ƙarni na 18 akwai manyan masana da suka yarda cewa cikin laka take kwana a ƙarƙashin tabki. A 1822, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai da kibiyar icce mai tsawon kusan santimita 80 soke a wuyanta, kibiyar da aka gane ta tsakiyar Afirka ce. Tana nan har yau a jami'ar Rostock. Ina yawan tunanin maharbin nan da ya koma gida yana takaicin ya yi asarar kibiya da nama, bai san shi ne ya fara aika wa Turai wasiƙa a jikin tsuntsu ba. Zoben alminiyom mai lamba da adireshi kuwa sai 1899 aka fara shi, a garin Viborg na Danmak, kuma wanda ya fara, Hans Christian Mortensen, malamin makaranta ne kamar ni da ku.

Rana ta huɗu ce ta zame mini daban. A ragar da ke bakin sarƙaƙiya, nesa kaɗan da ruwa, aka kamo wani mai tokar kai, mai farin maƙogwaro, fiffikensa da ɗan ja-ja. Fauvette grisette, giram 14. Da aka gama da shi Madam ta ce in ajiye bik in kawo hannu, ni zan sake shi. Ta gyara mini yatsu, ta ɗora shi. Ɗuminsa ya fi na jikin mutum, zuciyarsa tana kaɗawa kamar za ta fasa ƙirjin. Ban ji baƙon abu ba ko kaɗan, kuma wannan shi ne abin da ya tayar mini da hankali. Hannuna ya san wannan ɗumi. Ina ɗan shekara tara ko goma, a ƙauyenmu kusa da Matamai, in an tashi daga lakwal da hunturu, mukan ɗauki danƙo mu bi gindin gawo da aduwa. Irin wannan mai farin maƙogwaro yana cikin waɗanda muka fi samu, don ba ya hawa sama sosai, cikin ƙaya yake tsalle-tsalle. Mu fige, mu tsire a tsinke, mu gasa a wutar kara, loma ɗaya. Na tuna har muna cewa na wajen bazara sun fi maiƙo, muna rububinsu. Ashe guzurin ƙetare Sahara muke lashewa. Ba zan ce na yi nadama irin ta mai laifi ba. Yaron ƙauye da ke ganin nama daga salla sai salla ba a kai shi gaban alƙali don tsuntsu. Amma na daɗe ban buɗe hannun ba, har sai da Madam ta taɓa mini kafaɗa.

Da muka zauna shan gahawa na ba ta labarin, ina tsammanin ta ɓata fuska. Ba ta ɓata ba. Abin da ta yi ya fi haka nauyi: ta jawo wani ɗan kaye daga aljihu ta ce, tun da na san shi tun ina yaro, in faɗa mata sunansa da Hausa ta rubuta. Na buɗe baki. Shamuwa ta zo mini, da belbela, da carki, da zalɓe, da gauraka, da suda, da hankaka, da shirwa. Duk wanda ke cikin karin magana ko tatsuniya ya zo. Wannan kuwa, wanda na ci da bakina, abin da muke ce masa muna yara shi ne ɗan tsuntsu. Malamin Hausa, mai takardar jami'a, ga shi zaune gaban Baturiya ba shi da abin ba ta. Ta ce kada in ji kunya, ta san wannan ciwo. Kakarta da harshen Biretanyi ta tashi, kuma a lakwal an rataya mata takalmin icce a wuya don ta yi magana da shi; ita jikar sai da ta girma ta bi tsofaffin masunta da manoma tana tsintar sunayen tsuntsaye ɗaya ɗaya. Na tambaye ta yadda suke kiran abin da ake ratayawar. Ta faɗa. Sambol ɗin nan ne dai da yayyenmu suka sha, da ni kaina na tarar da ƙarshensa. Ban taɓa zaton daga cikin Faransa aka fara gwada shi a wuyan ƴaƴan Faransa ba.

Ita ce kuma ta fara gaya mini abin da ya faru da wannan tsuntsu a 1969, na zo na bi shi a rubuce daga baya. A Ingila akwai masu aikin sa kai da ke ƙirga tsuntsayen da ke sheƙa a gonaki da dazuzzuka kowace shekara, su aika wa ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta ƙasar. A kakar 1968 masu farin maƙogwaro sun tashi kudu da yawansu kamar kullum. Da lokacin komowa ya yi a 1969, kusan uku cikin huɗu ba su komo ba. Aka yi ta neman dalili a gida ba a samu ba. A 1974 mutum uku, Derek Winstanley da Robert Spencer da Kenneth Williamson, suka buga bincikensu: ba a Ingila abin ya faru ba, damanar 1968 ce ta gaza a Sahel. Tsuntsayen sun ƙetare hamada sun tarar da ƙasa ba ganye ba ƙwaro, waɗanda suka rayu kuma ba su sami kitsen komawa ba. Da fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, adadin wasu irin ya sake faɗuwa. A 1991 aka nuna da lissafi cewa yawan phragmite da ke rayuwa daga shekara zuwa shekara yana bin yawan ruwan da aka samu a Afirka ta Yamma.

Mai karatu ɗan Nijar ba ya bukatar a tuna masa mene ne waɗannan shekaru. Farin da ya soma a 1968 shi ne ya kai mu ga 1973, shekarar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fita da shanu goma sha ɗaya ya komo da igiya, ya wuce Kano ya yi dako shekara biyu. A 1974 ɗin da aka buga wancan bincike, ranar 15 ga Afrilu, Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yunwa tana cikin dalilan da sojoji suka bayar. Ta 1984 kuwa, wadda mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari, ina goye aka yi ta.

A daren da na ji wannan labari ban yi barci da wuri ba, kuma ba zan ɓoye cewa haushi na fara ji ba. An lura da rashin tsuntsu shekara huɗu kafin duniya ta lura da rashin mutane. Amma da na ƙara juya abin, sai haushin ya rasa wanda zai kama. Waɗanda suka ƙirga tsuntsayen nan ba gwamnati ba ce. Malaman lakwal ne, da ma'aikatan gidan waya, da tsofaffin da suka ajiye aiki, kowa da ɗan kayensa, a gona ɗaya, shekara bayan shekara. Manomanmu kuwa ba su bukaci tsuntsu ya gaya musu ruwa bai zo ba. Sun sani tun kafin kowa, sun kuma san fiye da haka. Bambancin shi ne sanin wancan an rubuta shi da kwanan wata, an tara shi wuri ɗaya, ya iya tafiya. Namu ya zauna a bakin masu shi, in sun kwanta dama ya bi su. Tsuntsun nan wata huɗu zuwa biyar yake yi a Turai, wata shida ko fiye a wurinmu. Amma in ka buɗe tarihinsa, shafin Turai cike yake har gefe, namu kuwa ƴan layuka ne, yawancinsu ma baƙi suka zo suka rubuta.

Na komo gida ana shirin buɗe lakwal. A hutun ƙarshen mako na farko cikin Oktoba na tafi ƙauye, ana yankan hatsi, na sami ƙanen mahaifina a gindin gawon gonarsa yana ɗaurin dami. Bayan gaisuwa na nuna masa hoton a waya.

Ya karɓa ya nisanta shi da ido, ya ce: "Ai baƙin kaka ne. In shamuwa ta tashi, su ke sauka."

Na ce: "Baffa, sunansa nake nema."

Ya ce: "Ni dai haka na ji tsohona yana ce musu, su da ƴan'uwansu duka. Ba su taɓa hatsi, ba irin jan-baki ba ne. Tsutsa suke bi. Ka duba gawo, ka duba aduwa, ka duba duk icce mai ƙaya. Dogon yaron nan da kuka cika lakwal da shi, ko kallonsa ba su yi."

Na gaya masa daga ƙasar Turawa suke zuwa, kuma can suke komawa su yi ƙwai. Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba. Ya tambayi abin da ya kore su, na ce sanyi ne ke kashe ƙwari, abinci ya ƙare. Ya yi shiru yana jan igiyar dami, sannan ya ce: "Ashe cin rani suke zuwa. Ikon Allah. Mu rani ya yi mu bar nan don babu, su kuma su zo nan don akwai. To, ɗana, sai ka gaya wa Turawan su gode wa gawo."

Abin da Baffa ya faɗa a tsaye da igiya a hannu, shi ne abin da ya ɗaure wa Moreau kai: yaya ƙasar da ke bushewa tun daga Oktoba har Mayu take ciyar da wannan taro, har ta ba su kitsen komawa a watannin da suka fi kowane zafi? Wani ɓangare na amsar yana bisa kanmu a ranar. Gawo icce ne mai saɓa wa sauran: da damana yake zubar da ganye, in ruwa ya ɗauke ya yi kore ya yi fure, ƙwari su taru, daidai lokacin saukar baƙi. Masu bincike ƴan ƙasar Holan, ƙarƙashin Leo Zwarts, sun yi shekaru suna bin itatuwan Sahel ɗaya ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kansu, kuma suka tarar baƙin Turai sun taru ne a ƴan irin itatuwa kaɗan, galibi masu ƙaya, gawo da aduwa na ciki, dogon yaro kuwa kusan fayau. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Bayan farin 1984 manoman Maradi da Damagaram suka koma barin tsiron icce a gona suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta ta sake yin itatuwa wajen miliyan 200. Ba don tsuntsu suka yi ba. Don taki ne, da abincin awaki, da iccen girki. Amma wanda ya share ƙofar gidansa, baƙo ma ya sami wurin shimfiɗa.

Tun daga wannan shekara nake riƙe da kaye ɗaya tare da ɗaliban aji na farko na lise, daga Oktoba zuwa Afrilu. Raga ba mu da ita, izini ba mu da shi, kuma ban yarda yaro ya kama tsuntsu da sunan ilimi ba. A Jos ta Nijeriya akwai cibiyar nazarin tsuntsaye da aka kafa a 2002, inda ake sa zobe ana kuma horar da ƴan Afirka. Ina fatan wata rana wani daga cikin yaran nan ya kai can. Mu dai abin da muke da shi madubin hangen nesa ne guda ɗaya, kyautar maigidana na Nant, da littafin hotuna da ya fara rabuwa da bangonsa. Kowane shafi an raba shi: kwanan wata, wuri, irin icce, abin da tsuntsun ke yi, sunansa da Faransanci, sai gida na ƙarshe, mafi faɗi, na sunansa da Hausa tare da garin wanda ya faɗe shi da kimanin shekarunsa. Wannan gida shi ke ba mu wahala. Yara kan komo daga hutu da suna uku na tsuntsu ɗaya, ko suna ɗaya na tsuntsu huɗu. Maharbi ya faɗi nasa, makiyayi ya ƙaryata shi. Duka muke rubutawa, ba mu zaɓa. Wani uba ya taɓa aiko tambaya ko abin nan yana fitowa a jarrabawa. Na ce a gaya masa ba ya fitowa. A 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, abokan aiki suka yi ta yi mini barka. Na karɓa da hannu biyu, amma na ce musu ranar da za a ce mu koyar da ilimin halittu da ita, gidan nan na ƙarshe za a fara tambayarmu.

A ƙarshen Maris na 2024, ana tsakiyar zafi, wani ɗalibi ya shigo aji da abu ƙunshe a leda, ya ajiye mini a tebur. Ƙanensa ne ya harbo shi da danƙo da safe a bayan gari. Mai farin maƙogwaro ne. Na fara duba ƙafafun, ba zobe. Na kira su suka kewaye tebur, na riƙe shi yadda aka koya mini, na hura iska a ƙirjin. Kitse ya cika ramin wuya, ya rufe ciki, rawaya kamar man shanu. Muka aika aka aro sikelin ɗakin gwaje-gwaje: giram 19. Wata yarinya ta rubuta a kaye, ta tambaya me za ta sa a gidan abin da tsuntsun ke yi. Na ce ta rubuta yana shirin tafiya. Da aka buga ƙararrawa yaron ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu, ya ce: "Mushe, in an gama da shi, ƙanen nawa yana jira." Na mayar da shi cikin ledar na miƙa masa.